Tsakanin gona da burtali: dokar daji da hakkin makiyayi a Agye, Gazawa da Gidan Rumji

Kowace shekara, da zarar an yanke gero an fara roron wake, hankalin mahukunta a jahar Maraɗi yakan koma ga magana guda, wato ranar sakin gonaki. Garkunan da suka yi damina a arewa, wajen Dakoro da kwarin Tarka, suna gangarowa kudu neman kara da ruwa, alhali manoman gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Rumji ba su gama kwashe amfaninsu ba. A cikin waɗannan ƴan makonni ne ake yawan kama bisashe, ake cin tara, wani lokaci har a zubar da jini. Gwamnati ta kafa dokoki masu yawa don kare itatuwa, ciyawa da ƙasar noma, kuma babu mai hankalin da zai ce ba a bukatarsu. Abin dubawa shi ne yadda ake zartar da su, domin mudun da ake auna wa makiyayi ba kullum ne yake daidai da wanda ake auna wa mai gona ba.

Darasin Toda

Ran 30 ga watan Oktoba 1991, ana cikin kwanakin ƙarshe na babban taron ƙasa a Yamai, labari mai tayar da hankali ya fito daga Toda, cikin ƙasar Gidan Rumji. Rikicin ɓarnar gona ya rikiɗe ya zama kisan gilla, inda aka hallaka Fulani fiye da 100, mafi yawansu mata da yara. Waɗanda suka mutu a ranar ba su ne suka kora shanu cikin gona ba, laifinsu kawai sun fito daga ƙabilar da ake zargi.

Bayan shekara ɗaya da ƴan watanni, ran 2 ga Maris 1993, aka sa hannu a kan doka mai lamba 93-015, wadda ta shimfiɗa tushen dokokin karkara. Ita ce ta ce burtali da hanyoyin da garkuna ke bi dukiya ce ta ƙasa, ba mai ikon mallake su. Ita ce kuma ta tanadi hukumomin kula da filaye da ake kira Kofo, waɗanda daga baya aka kafa a matakin gunduma, na komin da na gari, inda sarakuna, ma'aikatan gwamnati, wakilan manoma da na makiyaya suke zama tare. Tun kafin wannan akwai doka ta 61-05 ta 26 ga Mayu 1961, wadda ta ja iyakar noma daga arewa. Gundumomin nan uku duk suna kudu da wannan iyaka, wato cikin yankin noma suke. Saboda haka makiyayi a nan ba shi da abin dogaro sai burtali, hurumin kiwo, mashaya da karan gona bayan girbi.

Ƙasa ta yi kaɗan

Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna jahar Maraɗi tana da mutum sama da miliyan 3 da dubu 400, wato kimanin kashi ɗaya cikin biyar na ƴan Nijar, a kan filin da bai wuce kashi 3 da ɗan wani abu cikin 100 na faɗin ƙasar ba. Kudancin jahar ne ya fi cunkoso. Sauran da kakanni suke bari ƙasa ta huta ya ɓace, gonar gado ana ta raba ta har ta koma ƴan kadada, kuma wanda ya rasa inda zai ƙara yakan ci bakin burtali taku ɗaya bana, taku biyu baɗi.

Ga kuma canjin da kasuwa ta kawo. A da manomi ne yake roƙon Bafulatani ya kwana da garkensa a gonarsa, ya ba shi dame na gero saboda taki. Yau kara, harawar wake da ta gyaɗa duk sun zama haja, ana ɗaure su a loda a amalanke tun kafin a saki gonaki. A ƙasar Agye, Cadawa da Gazawa noman aya ya bunƙasa, ita kuwa aya ba a haƙarta sai bayan hatsi ya shiga rumbu, ana ƙona ganyenta a tankaɗe ƙasa, don haka gonakinta sukan daɗe a rufe. Ɗan abin da ya rage na hurumi kuma garmani ya mamaye shi, wani haki da bisashe ba su damu da shi ba, wanda yake kashe ƙarangiya da komayya a duk inda ya kafu.

Itace ya samu mai shi

Ta fannin itatuwa kam, wannan yanki ya yi abin a yaba. A watan Mayu 1984, zamanin shugaba Seyni Kunce, an yi babban taron yaƙi da hamada a birnin Maraɗi. A waɗannan shekarun ne wani ma'aikacin mishan ɗan ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo, ya fara yaɗa dabarar da manoma ke kira sassaben zamani: maimakon a sare duk tohon da ya fito daga kututture, sai a zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi a gyara su su girma. Garin Ɗan Saga na ƙasar Agye ya yi suna a wannan aiki, har da kwamitin sa ido na gari, kuma baƙi daga ƙasashe da dama sun zo sun gani. Masu bincike sun ƙiyasta a 2009 cewa dabarar ta farfaɗo da hekta kusan miliyan 5 a Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200: gawo, kalgo, sabara, taramniya, aduwa da sauransu.

Tsohuwar dokar daji ta 1974 ta sa manomi yana ganin itacen gonarsa tamkar na gwamnati ne, har yana tsoron malamin daji. Dokar 2004-040 ta 8 ga Yuni 2004 ta maye gurbinta, sannan ran 30 ga Yuli 2020 aka fitar da ƙudurin 2020-602, wanda ya tabbatar wa manomi hakki a kan itacen da ya raina da hannunsa. Wannan adalci ne ga wanda ya yi wahala. Amma fa yana da wata fuska. Gawon da makiyayi ya saba kakkaɓe wa bisashensa ƴaƴa, ko ya sassaƙo musu ganye da bazara, yanzu yana da mai shi. Kwamitin da ke tsaron itatuwan gari, in babu makiyayi ko ɗaya a cikinsa, yakan koma tarkon baƙo kawai.

Kada a ɗauka manomi ba shi da kuka. Akwai masu sakin bisashe cikin dare, akwai masu daddatse gawo har ya mutu, akwai yaran da ake bar wa garken da ya fi ƙarfinsu. Wanda ya yini shekara yana noma ya wayi gari ya tarar an cinye masa wake, ba za a ce masa ya yi haƙuri kawai ba. Doka ta ce a biya shi, kuma daidai ne.

Abin da doka ta ba makiyayi

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, har cikin ma'aikata, shi ne cewa doka ta yi wa makiyayi tanadi kamar yadda ta yi wa manomi. Dokar kiwo mai lamba 2010-029 ta 20 ga Mayu 2010, wadda ƙungiyoyin makiyaya irin su AREN suka daɗe suna fafutukar a kafa, ta ce yawon kiwo hakki ne na asali da gwamnati ta amince da shi. Ta hana kowa mallake filin kiwo na jama'a. Ta ce hukumar jaha ce ke sa ranar sakin gonaki bayan an ji ta bakin Kofo, da manoma da makiyaya. Ta ce idan mai bisashe ya amsa ɓarnar da suka yi a gaban hukuma, ba a tsare masa su a shingen hukuma. Ta yarda a buɗe wa garkuna gandun daji na gwamnati a shekarar da fari ya tsananta. Ta kuma taɓa maganar kwasar ciyawa: fitar da ita waje haramun ne, tara ta don sayarwa kuwa sai da izinin hukumar komin. Tun 1987 ma ƙudurin 87-077 ya ce diyyar ɓarna ana auna ta ne da kimar abin da aka ɓata bisa farashin kasuwa, kuma ya hana cutar da dabbar da aka kama. A 2013 aka ƙara da ƙudurin da ya tsara kwamitocin sulhu masu wakilai daidai wa daida tsakanin ɓangarorin biyu.

To ina gizo yake saƙa? Wurin zartarwa. Makiyayin da ya sare reshe ana kama shi nan take, domin baƙo ne, yana kan hanya, kuma dukiyarsa tana tafiya da ƙafa huɗu a gaban kowa. Ya gwammace ya sayar da tunkiya ya biya abin da aka yanka masa, ko da ya wuce kima, da ya kwana uku garkensa na tsare ba ci ba sha. Wanda ya shuka gero a tsakiyar burtali kuwa ɗan gari ne, yana da dangi a fada, ƙarar da aka kai a kansa tana iya shekara ba a yanke ba. Daga 1998 wani shirin taimako na ƙasar Suwis mai suna PASEL ya taimaka aka shata burtali da dama a jahar Maraɗi, aka kafa musu turakun siminti. Turke kuwa ba ya tsare kansa, sai in akwai hukumar da ke zagayawa tana dubawa. Haka nan a gandun dajin gwamnati na ƙasar Agye, irin su Ɗan Kada Dodo da Ɗan Gado, an ba manoma izinin noma bisa yarjejeniyar su raini itatuwa. Nufin mai kyau ne, sai dai duk hektar da ta koma gona ta fita daga bakin saniya.

Ba mu kaɗai ba ne

Irin wannan matsala ba ta Nijar ce kaɗai ba. A ƙasar Maleshiya, inda Musulmi suka fi yawa, kiwon alade sana'a ce ta ƴan ƙasar masu asalin Sin. Ƙorafin maƙwabta game da wari da gurɓata koguna gaskiya ne, kuma tsakanin 1998 da 1999 cutar Nipa da ta bi ta garkunan aladu ta kashe mutum fiye da 100, aka hallaka aladu sama da miliyan ɗaya. Amma a 2007, da hukumar jahar Malaka ta tura jami'an tsaro don rage garkunan, masu kiwon suka tare hanya da iyalansu, magana ta tashi daga ta tsabtar muhalli ta koma ta ƙabila. Duk inda sana'a ta zama tambarin wata ƙabila guda, to kowane hukunci a kan sana'ar za a karanta shi a matsayin hukunci a kan ƙabilar, sai fa idan an ga doka tana hawa kan kowa.

A Gidan Rumji wannan haɗari ya ƙaru. Tun 2019 dubban ƴan gudun hijira daga jihohin Sakkwato, Zamfara da Katsina suka kwararo cikin gundumar saboda ƴan bindiga, aka tsugunar da wasu a Cadakori, Garin Kaka da Ɗan Daji Makau. Satar shanu da sace mutane don kuɗin fansa sun taɓa garuruwan bakin iyaka. Makiyayi na cikin waɗanda aka fi sace wa dukiya, amma shi ne kuma ake fara kallo da ido ɗaya. Hanyar dajin Baban Rafi da ƙetarawa Najeriya, wadda da take rage cunkoso da rani, ta zama mai haɗari, garkuna suka ƙara matsuwa a cikin gonaki.

Namu rabon

Ya ku masu karatu, ƴan kasuwa da ma'aikata, wannan magana ba ta mutanen ƙauye ce kaɗai ba. Shanu da yawa da ake kamawa a gona na mutanen birni ne da suka ba da kiwo. Filaye da yawa da aka kewaye da waya a bakin hurumi, mai albashi ne ko mai shago ya saya. Motocin da ke lodin ciyawa da harawa zuwa Maraɗi ba na arɗo ba ne. Kuma ranar da makiyayi ya gaji ya kwashe garkensa ya bar yankin, kasuwannin bisashe na Cadawa da Gazawa za su ji a jikinsu, haka mahauta, dillalai, masu fataucin fata da asusun komin da ke karɓar haraji a kan kowane kai da aka sayar.

Gyaran ba ya bukatar sabuwar doka. A sa ranar sakin gonaki da wuri, a yi shelarta da Hausa da Fulatanci a rediyo da kasuwanni. Kowace tara a ba da takardar shaidar biya mai hatimi, kowane sulhu a rubuta shi a ajiye. A sa wakilin makiyaya na gaskiya, wanda rugage suka zaɓa, cikin Kofo da kwamitocin tsaron itace. Kafin shuka, a bi burtali turke bayan turke, wanda ya ci iyaka a mayar da shi tun bai zuba iri ba, domin hana shuka ya fi sauƙi a kan tuge gero mai kai. Wanda kuma zai sayi fili ya fara zuwa Kofo ya tambaya ko hurumi ne.

Hausawa sun ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Manomin Ɗan Saga da ya raini gawonsa da makiyayin da ya gangaro daga Tarka duk ƴan ƙasa ɗaya ne, doka ɗaya ta rufe su, kuma aikin malamin daji, sarki, alƙali da jandarma shi ne su riƙe ta da hannu biyu. Allah ya ba mu damina mai albarka da kaka ta lumana.