TSARA KWAS DA SARRAFA SHI A DANDALIN JINGA NA INTANET

1.0 Gabatarwa

Jinga aiki ce da malami kan ba ɗalibi ya yi a wajen aji domin auna fahimtarsa. A da, takarda da biro ne kaɗai kayan aikinta. Zuwan wayar salula Nijeriya a shekarar 2001, da kuma rufe makarantu da aka yi a watan Maris na 2020 saboda annobar korona, sun sa makarantu da dama sun koma ba da jinga da karɓar ta ta intanet. Wannan babi zai yi bayanin yadda malami ke tsara kwas a irin wannan dandali, da illar da kuskuren tsari ke jawo wa ɗalibi. Za a riƙa kawo misalai daga ƙananan hukumomin Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa na kudancin Jihar Kano, inda ake tura ɗalibai koyon aikin koyarwa.

2.0 Ma'anar Dandalin Jinga

Dandalin jinga manhaja ce da ke haɗa malami da ɗalibansa a aji guda na intanet. A nan malami ke ɗora darasi da tambayoyi, ɗalibi ya amsa, a duba, a ba da maki. Biyu daga cikin fitattun irin waɗannan manhajoji su ne Moodle, wadda Martin Dougiamas, mutumin Ostareliya, ya fitar a 2002, da Google Classroom wadda ta fito a 2014.

Abin da ake nufi da tsarin kwas shi ne jerin umarnin da malami ke ba manhaja: wa zai shiga, yaushe za a buɗe aiki, yaushe za a rufe, sau nawa za a gwada, kuma yaya za a haɗa maki. Manhaja ba ta da hankalin kanta, kuma ba ta karɓar uzuri. Abin da aka umarce ta shi take zartarwa a kan kowa. Saboda haka ne ake son a kammala tsari kafin ɗalibi na farko ya shigo, domin tun ran gini ran zane.

3.0 Muhimman Sassan Tsari

3.1 Sunan Kwas da Rabe-rabensa

Wajibi ne suna ya ƙunshi lambar kwas, kamar HAU 111, da zangon karatu da shekara. Malamin da ke da rukuni biyu ya bambanta su a suna, don kada ɗalibin wannan rukuni ya miƙa aikinsa a wancan. Moodle na ba da zaɓin raba kwas mako-mako ko batu-batu. Rabon batu-batu ya fi dacewa da makarantar da yajin aiki ko hutun ba-zata kan sauya mata kalanda, domin ranakun mako na iya gocewa, amma jerin batutuwa yana nan yadda yake.

3.2 Shiga da Matsayi

Ana shigar da ɗalibi ta hanya biyu: ko malami ya sa sunansa da kansa, ko ya ba shi lambar sirri ta aji ya shigar da kansa. Hanya ta biyu ta fi sauƙi, amma lambar kan yaɗu a zaurukan WhatsApp har ta isa ga wanda ba ɗan ajin ba. Maganin wannan shi ne a kashe lambar ko a sauya ta da zarar an gama rajista, sannan a gwada jerin sunayen dandali da na ofishin sashe. A kuma umarci kowa ya yi amfani da sunansa na rajista, ba laƙabi ba.

Haka nan akwai matsayi daban-daban: malami mai ikon gyara, da malami mai duba aiki kawai, da ɗalibi. Wakilin aji ɗalibi ne. Ba shi matsayin malami don ya taya ɗora darasi yana nufin buɗe masa makin abokansa. Maki da lambar waya bayanai ne na sirri, kuma Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe da irin su alhakin tsare su.

3.3 Lokaci

A Moodle jinga na da lokuta uku: na buɗewa, da na wa'adi, da na rufe ƙofa. Wanda ya miƙa aiki bayan wa'adi za a karɓa, sai dai manhaja za ta nuna ya makara. Bayan rufe ƙofa kuwa ba a karɓa sam. Malamin da ya haɗa wa'adi da rufe ƙofa a minti guda ya hukunta malalaci da wanda sabis ya yanke wa hukunci ɗaya.

A nan ne sanin muhalli ke da amfani. Ɗalibin da aka tura makarantar da ke bakin titin Kano zuwa Zariya, kamar a Kwanar Ɗangora, ba ɗaya yake da wanda ke ƙauyukan Riruwai ko gefen dajin Falgore ba, inda duwatsu da nisa kan raunana sabis. Wani sai ya kai wayarsa wurin masu caji, ya biya, kafin ya buɗe ta. Da damina kuma yawancin ɗaliban yankin suna gona da safe. Don haka ya kyautu a bar tazarar kwana biyu ko uku tsakanin wa'adi da rufe ƙofa, a kuma sa wa'adi da rana ko da yamma, ba tsakar dare ba. Idan uzuri na mutum ɗaya ne, kamar rashin lafiya ko rasuwa, manhajar na da hanyar ƙara masa lokaci shi kaɗai ba tare da an taɓa na sauran ba.

Sai kuma agogo. Nijeriya da Nijar suna gaban agogon GMT da awa ɗaya. Idan dandali na bin agogon wata ƙasa, ƙarfe shidan da malami ya rubuta ba shi ne na ɗalibi ba. A duba wannan tun ranar farko.

3.4 Nau'in Fayil da Girmansa

Yawancin ɗalibai da waya suke aiki, ba da kwamfuta ba. Da yawa kan rubuta jinga da hannu su ɗauki hotonta. Idan malami ya taƙaita karɓa ga fayil ɗin da aka buga da kwamfuta kawai, ya tilasta musu zuwa shagon buga takardu. Idan kuma ya sa iyakar girma ƙarama ƙwarai, hoton ba zai hau ba. A kwas ɗin furuci ko na adabin baka, inda ake son ɗalibi ya naɗo tatsuniya ko kirari daga bakin tsofaffin garinsu, dole ne a buɗe ƙofar karɓar sauti. Shi ma malami ya tausaya wa datar ɗalibi: gajeren rubutu ko sauti ya fi dogon bidiyo sauƙin saukewa.

3.5 Haɗa Maki

A tsarin NCE, jinga da gwaje-gwajen cikin zango na ɗaukar maki 40, jarrabawar ƙarshe kuma 60. Manhaja na iya haɗa maki ta tara su duka wuri guda, ko ta bai wa kowane rukuni nauyinsa. Ga misali. Malami ya yi niyyar jinga ta ɗauki 20, gwaji ya ɗauki 20. Ya ba da jinga huɗu, kowace a kan maki 10, da gwaji ɗaya a kan 100. Ɗaliba ta sami 36 cikin 40 a jinga, da 40 cikin 100 a gwaji. Bisa niyyar malami, tana da 18 da 8, wato 26. Amma idan an bar manhaja ta tara kawai, za ta lissafa 76 cikin 140, wanda ya yi daidai da kusan 22 cikin 40. Maki huɗu sun salwanta ba da laifinta ba, kuma maki huɗu na iya zama tazarar da ke tsakanin ci da maimaita kwas.

Haka kuma idan an yarda a gwada aiki fiye da sau ɗaya, sai an faɗa wa manhaja wanda za ta ɗauka: mafi yawa, ko na farko, ko na ƙarshe, ko matsakaici. Aikin horo ya dace da gwaji da yawa. Aikin auna fahimta kuwa sau ɗaya, tare da cakuɗa jerin tambayoyi da ɓoye amsoshi har sai an rufe ƙofa.

4.0 Matsalar Haruffa Masu Ƙugiya

Wannan matsala ta malamin Hausa ce musamman. A tambayar gajeriyar amsa, manhaja na gwada abin da ɗalibi ya rubuta da abin da malami ya ajiye, harafi da harafi. A wurinta k da ƙ haruffa ne mabambanta, kamar yadda suke a ƙa'idar rubutu: kaya ba ƙaya ba ne, fada ba faɗa ba ne, baki ba baƙi ba ne. Ɗalibin da wayarsa ba ta da waɗannan haruffa kan rubuta k' ko d' ko b', ko ya bar harafin ba ƙugiya, sai manhaja ta ba shi sifili ko da ya san amsa. Kalmar 'ya'ya ma na da nata: alamar hamza ta waya sau da yawa lanƙwasasshiya ce, ta kwamfuta miƙaƙƙiya, a Nijar kuma ƴaƴa ake rubutawa.

Mafita ta dogara ga manufar tambaya. Idan ƙa'idojin rubutu ake aunawa, ƙugiya ita ce amsar, don haka a fara koya wa ɗalibai sa allon rubutun Hausa a wayoyinsu, kamar wanda ke cikin Gboard, a kuma ba su gwajin da ba shi da maki kafin na gaske. Idan kuwa adabi ko al'ada ake tambaya, a ajiye dukkan sigogin amsar da za a amince da su, a kuma cire sharaɗin bambanta babban baƙi da ƙarami. Ko ta yaya, malami ya bi amsoshin da manhaja ta soke da idonsa kafin ya saki sakamako, domin wani ɗalibin kalmar karin harshensa ya kawo, kuma daidai ce.

5.0 Ƙarshen Zango

Idan zango ya ƙare, a sauke makin duka, a buga shi a takarda, a miƙa wa sashe. Daga nan a adana kwas ɗin maimakon goge shi, saboda ƙorafin maki kan taso bayan watanni. Malamin da zai sake amfani da kwas ya kwafe shi ba tare da tsofaffin ɗalibai ba, ya kuma sabunta dukkan ranakun, in ba haka ba sababbin ɗalibai za su tarar da ƙofofi a rufe.

6.0 Kammalawa

An ga cewa kowane tsari da malami ya zaɓa hukunci ne da zai hau kan ɗalibi: wanda zai shiga, lokacin da za a karɓi aikinsa, da makin da zai fita da shi. Kafin a buɗe kwas, malami ya shiga da matsayin ɗalibi, ta waya, ya miƙa jinga ɗaya ya ga abin da zai faru. Kuskuren da aka gano a wannan mataki minti kaɗan ke gyara shi. Wanda aka gano bayan an liƙa sakamako kuwa sai ya kai gaban kwamitin jarrabawa.

Tambayoyin Bita

1. Bambanta wa'adi da rufe ƙofa, tare da kawo dalilin barin tazara a tsakaninsu.
2. Ɗalibi ya sami 24 cikin 40 a jinga da 70 cikin 100 a gwaji. Lissafa makinsa cikin 40 ta hanyoyi biyun da aka bayyana a 3.5.
3. Tsara tambayoyi biyar na gajeriyar amsa a kan adabin baka, ka jero sigogin amsar da za ka amince da su.