Yadda A Ke Jera Maganar Turanci In An Watsa Ta

Kwanan baya aka tura mu gwajin koyarwa a wata makaranta tsakanin Bichi da Dambatta, ƙasar da gona ke manne da gona, ba daji ko kaɗan. Yaran wurin suna da ƙwazo. Da asuba suna makarantar allo, da hantsi suna aji, da yamma kuwa suna bayan jakuna da mangalar taki. Amma wata tambaya ta jarrabawar Turanci tana ka da su, watau inda a ke yanka magana gunduwa-gunduwa, a watsa, a ce yaro ya mayar da kowace mazauninta. Abin ba wasa ba ne. Uba ya haƙura da hannun ɗansa a gona don ya yi karatu, ga shi kuma jami'a ba ta karɓar wanda ya faɗi Turanci.

Da muka bincika, sai muka ga yaran sun san ma'anar kalmomin. Abin da ba su sani ba shi ne, a Turanci mazaunin kalma shi ke nuna aikinta. Mu da muka karanta Ajurumiyya, littafin nahawu na Ibn Ajurrum mutumin Fas wanda ya rasu a 1323, mun san a Larabci wasalin ƙarshen kalma ke yin wannan aiki. Fa'ili, watau mai yi, yana ɗaukar rufu'a, maf'uli kuwa, wanda aka yi wa, yana ɗaukar fataha, ko an gabatar da wani an jinkirta wani ba a ruɗewa. Turancin dā yana da irin waɗannan alamu, amma galibinsu sun zube a ƙarnonin da suka biyo bayan 1066, shekarar da Normawa suka ci Ingila. Saboda haka "The goat ate the millet" akuya ce ta ci gero, in kuwa aka musanya gaba da baya, gero ne ya ci akuya.

To, nan Bahaushe ya yi sa'a, gama Hausa da Turanci hanyarsu ɗaya: mai yi, sa'an nan aiki, sa'an nan wanda aka yi wa. Ga yadda muka koya musu. Da fari yaro ya nemi fi'ili. Ya tambayi kansa, wa ya yi? Sa'an nan, me aka yi wa? Abin da ya saura, galibi wuri ya kan riga lokaci. Muka rubuta musu a allo: "on Sunday", "three donkeys", "took", "to Dambatta", "the farmer". Fi'ili "took" ne. Jakuna ba su kai manomi kasuwa, saboda haka manomi ne a gaba: "The farmer took three donkeys to Dambatta on Sunday." In yaro ya ga "him" ko "them", kada ya ba su mazaunin mai yi, gama su ragowar tsofaffin alamun nan ne, na wanda aka yi wa.

Amma akwai wurare huɗu inda harsunan biyu suka rabu, nan ne yara su ke tuntuɓe. Na ɗaya, lissafi: mu mu kan ce jakuna uku, Bature ya kan fara da ukun. Na biyu, mallaka: mu kan ce gonarmu, shi kuwa "our farm", mai abu a gaba. Na uku, ƙarfafawa: mu kan ce zafi ƙwarai, shi "very hot". Na huɗu ya fi su haɗari. Mu kan ce za mu tafi, "za" a gaba, "mu" a baya. Yaron da ya bi sawun Hausa sai ya rubuta "shall we go", alhali wannan tambaya ce, ba labari ba. Labari "we shall go" ne. Don haka mu ke ce musu su duba alamar ƙarshe tun ba su fara ba. In ɗigo ne, mai yi a gaba. In alamar tambaya ce, ƙaramin fi'ili mai taimako ya riga shi.

Dabarar da ta fi yi mana amfani ba ta cin ko kwabo. Mun yayyanka tsohon kwali, muka rubuta gunduwa ɗaya a kan kowane yanki, muka ba yara biyar su tsaya gaban aji riƙe da su. Sauran su ke cewa wane ya matsa dama, wane ya koma hagun, har maganar ta miƙe. Wanda ya matsar da ɗan'uwansa kuwa, tilas ya faɗi dalili. Yaron da ya saba ba da dalili ba ya yin kame-kame ran jarrabawa.

Muna roƙon 'yan'uwanmu masu koyon malanta su gwada wannan inda aka tura su, su kuma rubuto abin da suka gani, mu ƙaru da juna. Allah ya sa mu dace, amin.