Daga Kabewar Turawa Zuwa Gumakan Dapaong

Duk ranar 31 ga Oktoba Turawan Amurka da Ingila kan yi bikin Halowin. Sukan ƙwaƙule kabewa, su yanka mata ido da baki, su kunna kyandir a ciki, su rataya kwarangwal na roba a ƙofar gida. Yau wasan yara ne da kasuwar 'yan tireda, amma asalinsa ba wasa ba ne.

Mutanen Ailan na dā suna da bikin ƙarshen kaka mai suna Samhain. Sun ɗauka a daren nan matattu da iskoki kan fito yawo, saboda haka sukan hura wuta. Daga baya coci ta sa ranar tunawa da waliyyanta a 1 ga Nuwamba, wadda har yanzu ranar hutu ce a Togo. A ƙauyukan Ailan kuwa akan sassaƙa fuskar ban tsoro a jikin wata saiwa mai kama da dankali. Da yunwar 1845 ta kora dubbansu Amurka, sai suka tarar kabewa ta fi sauƙin ƙwaƙulewa.

To, mai karatu, haɗa girbi da tunawa da kakanni ba baƙon abu ba ne a nan. A Sokodé, Kotokoli na yin Gadao don gode wa kakanni saboda amfanin gona. Suna haɗa shi da Adossa, wasan wuƙa na mayaƙan Semassi mai kama da na 'yan tauri, a lokacin Maulidi. A Dapaong, Moba na yin bikin girbi na Tingban-Pab a watan Disamba.

Moba suna da gumakan itace da ake kira tchitcheri. Babban cikinsu, sakwa, ana kafa shi a ƙasa don tunawa da kakan da ya kafa zuriya. Kansa mulmulalle ne, galibi ba ido ba baki, don ba a yi shi domin tsoratar da kowa ba. Bisa al'ada, sai wanda ubansa mai duba ne ke sassaƙa shi.

Abin lura shi ne, yanzu ana sayar da tchitcheri a shagunan Turai, ana adon falo da su. Hanyar da kabewa ta bi ke nan: siffa ta saura, ma'ana ta ɓace. Ko mutum bai yarda da aƙidar ba, tarihi ne na maƙwabta. Ya kamata matasanmu su zauna da dattawa su rubuta shi tun suna raye.