Tsaftar Tawul da Lafiyar Fatar Fuska a Gidan Bahaushe

Tsakure

Maƙalar ta dubi matsayin tawul da sauran ƙyallayen goge fuska a gidan Bahaushe. Ta nuna cewa wanke fuska kaɗai ba ya wadatarwa, domin ƙyallen da ake tsane ruwa da shi yana iya mayar wa fata dauɗar da sabulu ya cire, har ya ƙaro mata cutar wani.

1.0 Gabatarwa

Kalmar tawul aro ce daga Ingilishi, amma aikin da tawul yake yi ya daɗe a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwansa akan share fuska da bakin zane ko gefen mayafi ko hannun riga. Wanke fuska kuwa ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, don alwala kaɗai tana kai ruwa fuskar mai salla sau da dama a yini. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne ƙyallen da ke biyo bayan wankin, musamman a gidan yawa, inda tawul ɗaya kan yi wa mutane da dama hidima.

2.0 Yadda Tawul ke Tara Cuta

Duk lokacin da aka goge fuska, tawul yana kwasar maiƙo da gumi da matattun ƙwayoyin fata da ragowar man shafawa. Zarensa na auduga kuma yana riƙe danshi. Idan danshi da ɗumi da wannan dauɗa suka haɗu, ƙwayoyin cuta sun sami wurin yaɗuwa. Abin ya fi tsananta da damina, lokacin da tawul kan kwana bai bushe ba. Da hunturu kuwa fata ce ke bushewa ta tsattsage, sai gurza ta da tawul mai kaushi ya buɗe wa cuta ƙofa.

3.0 Cututtukan da ke Bin Ƙyalle

Makero yana cikin cututtukan fatar da ke bin tawul da mataji daga yaro zuwa yaro. Ƙwaron ƙazuwa ma yana iya yin kwana 2 zuwa 3 a jikin tufa kafin ya mutu. Ƙurajen balaga dai asalinsu toshewar ƙofofin maiƙon fata ne, amma gurza su da tawul yana fasa su, ya ƙara kumburi, ya bar tabo.

Haɗarin ya fi girma idan ya kai ga ido. Ciwon apolo, wanda aka fara ganin annobarsa a Ghana a 1969, yana saurin gama gida ta hannu da tawul. Mafi muni shi ne amosanin ido, wanda ya daɗe yana addabar karkarar Arewacin Nijeriya da Nijar. Ƙwayar cutarsa tana cikin kwantsa da majinar ƙananan yara, tana kuma yaɗuwa ta yatsu da ƙudaje da ƙyalle. Idan kamuwa ta yi ta maimaituwa, cikin fatar ido yakan yi tabo, gashin ido ya juya ciki yana kartar ƙwayar ido har a makance. Mata sun fi maza kaiwa ga wannan mataki, saboda su ne ke ɗawainiyar yara. A 1998 Babban Taron Lafiya na Duniya ya zartar da ƙudurin kawar da wannan makanta ta matakai 4: tiyata da magani da tsaftar fuska da gyaran muhalli. A 2018 aka tabbatar Ghana ta yi nasarar daƙile cutar.

4.0 Matakan Kariya

Ya kamata kowa ya mallaki abin goge fuskarsa, ko da ƙaramin ƙyalle ne, kuma a raba na fuska da na jiki. Bayan amfani a shanya shi a buɗe a rana, kada a dunƙule shi a makewayi. A riƙa wanke shi da sabulu bayan kwana 2 ko 3, na mara lafiya kuwa da ruwan zafi kullum. Wajen tsane ruwa, dannawa a hankali ta fi gurzawa. Inda babu ƙyalle mai tsafta, gara a bar fuskar yaro ta sha iska.

5.0 Kammalawa

Akwai darasi a nan ga masu tsara saƙon lafiya da Hausa. Uwar da ta share majinar ƙarami da bakin zanenta, ta juya ta goge idon yayansa da shi, ba ta mallaki tawul ba, don haka gargaɗin da ya tsaya kan tawul ba zai shafe ta ba. Wajibi ne saƙon rediyo da na asibiti ya ambaci zane da mayafi da hankici da sunayensu. Rigakafi ya fi magani, amma sai an faɗe shi da kalmar da mai sauraro zai gane da shi ake.