Laima da malafa: inuwar da mutum ke tafiya da ita

Garin Arlit yana arewacin Agadas, tsakiyar hamada. An kafa shi a 1969 saboda ma'adinin uraniyom. Ruwan sama kaɗan ne ƙwarai a can, amma rana ba ta fashi. A watan Mayu da Yuni zafi yakan wuce digiri 40. Don haka a Arlit da Akokan, laima ba ta ruwa ba ce, ta rana ce.

Daga ina laima ta fito?

Kalmar laima daga Larabci take, ma'anarta tanti. Ita kuwa laimar hannu tsohuwar aba ce a ƙasashen Asiya. Mutanen Sin suna yin ta da gora da takarda. Suna shafa wa takardar mai don kada ruwa ya ratsa ta. Mutanen Japan sun koya daga wurinsu. A kudancin Indiya da tsibirin Siri Lanka, manoma sukan yi laima da faffaɗan ganyen wani itace ɗan uwan giginya. Ke nan dabararsu da tamu ɗaya ce, tunda mu ma da kabar goriba ake saƙa malafa.

Laimar sarauta

A Asiya laima alamar girma ce. A Indiya tun zamanin dā ana riƙa wa sarakuna ita. A ƙasar Tailan, farar laima mai hawa 9 ta sarki ce shi kaɗai. Haka yake a ƙasar Hausa. Ranar hawan salla a Kano ko Katsina, in ka hangi babbar laima tana juyi bisa dawaki, ka san sarki yana ƙarƙashinta. Abin da take nufi shi ne: shugaba inuwar talakawansa ne.

Laimar da Allah ya yi

Duk wanda ya bi ƙoramun Ayar ya san itacen kandili. Kansa a baje yake kamar laima. Ayari da makiyaya suna yada zango a gindinsa. Shahararren itacen Tenere irinsa ne. Shi kaɗai ya tsaya cikin rairayi, har wata mota ta kaɓe shi a 1973. Aka kai gungumensa gidan tarihi na Yamai. Kandili ba ya girma da sauri. Gatari yakan kayar da shi cikin yini ɗaya, amma samun madadinsa sai an yi shekaru masu yawa.

Me rana ke yi wa jiki?

Jiki yana sanyaya kansa da zufa. In mutum ya daɗe cikin rana bai sha ruwa ba, ruwan jikinsa sai ya ragu. Kai ya yi ciwo, jiri ya kama shi, wani har ya suma. Wannan yana iya kisa. Jarirai da tsofaffi da mata masu ciki su ne aka fi ji wa tsoro. In haka ta faru, a kai mutum inuwa, a jiƙa jikinsa da ruwa, a yi masa fifita. In yana cikin hankalinsa a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan. In ya suma kada a ɗura masa komi. A gaggauta kai shi likita.

Abin da ya kamata a yi

Mai goyo ta riƙe laima ta rufe kan yaro, amma kada ta lulluɓe shi da mayafi mai kauri, don yana bukatar iska. Mai talla da mai tura kura su sa malafa ko rawani. Aiki mai nauyi a yi shi da safe ko da la'asar. Mai kafa rumfa ya yi ta da tabarma ko zana, sun fi kwano sanyi. Kada a yi ta da tsohon ƙarfen da ya fito daga ramin ma'adini, domin an taɓa samun mai guba irinsa a kasuwar Arlit, kuma ido ba ya ganin gubar.

Jama'a, laimar kanti takan karye cikin guguwa ɗaya. Itacen da aka dasa a ƙofar gida, ana ba shi ruwan alwala da na wanke-wanke, har jikoki za su sha inuwarsa. Kowane gida ya dasa ko da guda ɗaya.