Jarabar Wasan Kwamfuta a Ƙagaggen Labari: Nazarin Halin Wade Watts

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan maƙala shi ne duba yadda Ernest Cline, marubuci ɗan Amurka, ya gina tauraron littafinsa Ready Player One (2011), tare da tantance kalmar da ta dace da halin wannan tauraro a Hausa.

2.0 Tauraron Labari

Wade Watts maraya ne ɗan shekara 18, yana hannun 'yar'uwar mahaifiyarsa a unguwar talakawa a gefen birnin Oklahoma. An gina labarin a shekarar 2045. Kullum yakan laɓe cikin wata tsohuwar mota ya shiga OASIS, wato duniyar kwamfuta inda yake karatu da abota da sunan Parzival. Da ya ƙaura zuwa birnin Columbus, sai ya shafe tagar ɗakinsa da baƙin fenti, ya yi watanni bai leƙa waje ba.

3.0 Alamomin Cutar

A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sanya wannan hali cikin kundinta na cututtuka, wanda ya fara aiki a 2022. Alamominsa uku ne: kasa kame kai daga wasa, fifita shi a kan sauran al'amuran rayuwa, da ci gaba da shi duk da illar da yake jawowa, galibi tsawon wata 12. Dukkansu sun bayyana ga Wade.

4.0 Salo da Zaɓen Kalma

Sai dai Wade ne ke ba da labarin da bakinsa, kuma wasan ne ya kai shi ga cin gadon James Halliday, wanda ya ƙirƙiro OASIS. Saboda haka cutar takan zo wa mai karatu, musamman matashi, cikin rigar jarumtaka.

A nan ne zaɓen kalma ke da nauyi. Kalmar sha'awa ta yi sauƙi, domin mai sha'awa yana iya haƙura. Maita kuwa, kamar a ce mayen ƙwallo, tana ɗauke da ɗan yabo. Jaraba ce kaɗai ke nuna cewa abu ya fi ƙarfin mai shi.

5.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, za a ga cewa mai fassara wannan littafi zai buƙaci kalmomi biyu: maita a bakin Wade, jaraba a bakin mai nazari. Idan aka tsaya ga ta farko kawai, matashin mai karatu zai ga dukiyar da Wade ya samu, ba zai ga baƙar tagar ba.