Keke, Ma'aunin Zaman Lafiyar Karkara

Duk wanda ya yi sammako a unguwar GRA ta birnin Katsina zai ci karo da masu motsa jiki a kan keke, suna kai da komo a tituna ƙalilan kamar ingarman da aka ɗaure a turke. Ƙarfin tafiya mai nisa suna da shi; amincin hanya ne ya yi ƙaranci.

Ba a raina nisan da keke ke kaiwa. A shekarar 2023 wani ɗalibi ɗan ƙasar Gini, Mamadou Safayou Barry, ya hau keke ya nufi Jami'ar Azhar ta Masar. Ya ratsa Mali da Burkina Faso da Togo da Benin da Nijar har Chadi, tafiyar kusan kilomita 4,000 cikin wata huɗu, kafin masu alheri su biya masa kuɗin jirgi zuwa Alƙahira. A Faransa kuwa, tun 1910 babbar gasar keken ƙasar take bi ta mashigin dutsen Tourmalet mai tsayin mita 2,115, kuma ƙauyukan yankin suna cin moriyar baƙin da ke zuwa gwada ƙwanjinsu a can.

Mu ma ba mu rasa wuraren zuwa ba. Daga Katsina zuwa rijiyar Kusugu a Daura kimanin kilomita 80 ne, tafiyar yini guda. Ga duwatsun Dutsin-Ma, ga hanyar Jibiya da ke kaiwa Maraɗi. Sai dai wane uba ne a yau zai bar ɗansa ya hau keke ya doshi Batsari ko Safana, a gefen dajin Rugu?

Mai mota yana da gilashi da gudu. Mai keke kuwa ba shi da garkuwa sai mutuncin jama'ar da yake ratsawa: mai furar da za ta dama masa, mai facin da zai liƙe masa taya, mai garin da zai ba shi zaure ya kwana. Saboda haka hanyar da ta gagari mai yawon buɗe ido ta riga ta gagari manomi da ɗan makaranta da malamin asibitin ƙauye, waɗanda keke ne ƙafarsu.

Idan hukumomi suka ce mana tsaro ya inganta, ga ma'auni mai sauƙi: ranar da matashi zai tashi daga GRA a kan keke, ya kwana a karkara ya dawo, mahaifiyarsa kuma ta yi barci, ranar ce za mu ce madalla.